Samari biyu a Landan ta 1726: shin tarihi ya yarda da irin wannan ƙarshe?

Mai Karatun Dare:

Assalamu alaikum. Na kammala wani ƙagaggen labari na Turanci da aka rubuta domin matasa, kuma yau kwana uku ke nan yana yi mini yawo a ka. An kafa shi a Landan ta shekarar 1726, taurarinsa kuwa samari ne biyu masu son juna: ɗaya yana koyon aiki a wata maɗaba'a, shekararsa 18, ɗayan kuma ɗan jirgin ruwa ne da ya ba shi shekara guda. Da aka kai sumame gidan da suke haɗuwa, sai suka ranta a na kare, suka bi hanyar tashar jiragen ruwa ta Harwich domin su tsallaka teku zuwa Holan, ga maigidan maɗaba'ar ya sa cigiya a jarida, ga masu kama mutane da ƙarfi su kai su jiragen yaƙi suna sintiri a tashar.

Wurin da ya fi kama ni ƙarami ne. A wani masauki, matar mai gidan ta ƙura wa yatsun yaron maɗaba'ar ido, saboda tawada ta riga ta zauna a ƙarƙashin faratansa, wanki ba ya fitar da ita. Da dare ya yi, abokin nasa ya zauna da kyandir ya shafa masa kwalta a yatsun ɗaya bayan ɗaya domin a ɗauke shi ɗan jirgi, kuma babu wanda ya ce uffan har shafin ya ƙare.

Tambayata ita ce, littafin ya ƙare suna raye, suna tare, sun kama ɗaki a Amsterdam. Na ji daɗin hakan, amma zuciyata tana raya mini cewa an lallashe ni ne kawai. Shin irin wannan ƙarshen yana iya faruwa a wancan zamani?

Ɗan Taskar Tarihi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sumamen da ka ambata da alama an ɗauko shi ne daga abin da ya faru da gaske. A watan Fabrairu na 1726 aka afka wa gidan wata mata mai suna Margaret Clap a unguwar Holborn, inda maza masu neman maza suke taruwa, bayan 'yan leƙen asirin ƙungiyoyin gyaran tarbiyya na lokacin sun daɗe suna shiga gidan da sunan su ma 'yan hannu ne. An kama kimanin mutum 40. A watan Mayu na shekarar aka rataye uku a Tyburn, wato Gabriel Lawrence da William Griffin da Thomas Wright, ita kuma matar aka yanke mata a sa ta a turu a bainar jama'a da ɗaurin shekara 2. Dokar da aka yi aiki da ita ta samo asali ne tun 1533, zamanin Sarki Henry na Takwas, kuma ba a daina rataya a kan laifin luwaɗi a Ingila ba sai bayan James Pratt da John Smith a 1835, sannan aka soke hukuncin kisan a 1861. Saboda haka tsoron da ka ji a littafin ba gishiri aka ƙara ba.

Amma ka lura da inda muke samun labarin waɗannan mutane. Kusan duk abin da aka sani ya fito ne daga bayanan shari'a, musamman na kotun Old Bailey, waɗanda aka buga tun daga 1674 har 1913 kuma yanzu suna intanet kowa yana iya karantawa. Kotu kuwa ba ta rubuta sunan wanda bai shiga hannu ba. Maza biyu da suka yi haya tare a matsayin abokan sana'a, suka tsufa ba wanda ya kai ƙararsu, ba su bar wata takarda da za mu gani ba, kuma a zamanin da baƙi ma kan raba gado ɗaya a masauki, zamansu ba zai ɗaga wa kowa gira ba. A ganina marubucin ya shiga wannan giɓin ne ya gina ɗakinsa, kuma yana da haƙƙin yin haka.

Uwar Littattafai:

Malam, na yarda da kai a kan giɓin, amma akwai abin da ka tsallake, kuma shi ne ya sa nake ganin ƙarshen bai kai daɗin da ɗan'uwanmu ya ji ba. Holan ba tudun mun tsira ba ce. Shekara 4 kacal bayan isarsu, a 1730, aka fara kame a birnin Utrecht, ya bazu zuwa sauran garuruwa, kuma a 1731 aka kashe sama da mutum 20 daga wani ƙauye mai suna Faan da kewayensa. Faransa ma ba ta fi ba a lokacin, tunda an ƙone mutum biyu a Faris a 1750, kuma sai a 1791 aka cire laifin daga kundin dokokinta. Wanda ya san wannan, idan ya kai shafin ƙarshe, zai ga cewa an rufe labule ne daidai inda ya dace a rufe, kamar yadda wasu littattafanmu na soyayya suke tsayawa a ranar kai amarya, ba sa bin ta zuwa shekara ta biyar.

Ban ɗauki wannan aibi ba. Abin da ke ɓata mini rai a irin waɗannan littattafai shi ne bakin taurarin, domin sau da yawa za ka ji saurayin 1726 yana bayyana kansa da tunanin ɗalibin jami'a na yau, alhali kalmar da Turawa suke amfani da ita yanzu ga mai son jinsinsa ba ta fito a bugaggen rubutu ba sai 1869. Idan har marubucin nan ya bar kwalta da kyandir suka yi magana a madadin yaran, to ya san aikinsa.

Baban Ummi:

Ni dai zan faɗi gaskiyata da ladabi: addinina bai yarda da wannan alaƙa ba, kuma ba littafin da zan miƙa wa 'ya'yana ba ne. Duk da haka, rataye mutum bayan ɗan leƙen asiri ya ci ya sha tare da shi abu ne da ya tsaya mini a wuya tun da na karanta bayanin Malam. Ina kuma son in san ko tafiyar tana da nama, ko kuwa an yi ta ne kawai domin a sami wurin soyayya.

Mai Karatun Dare:

Na gode muku duka. Baban Ummi, tafiyar tana da nama sosai, har akwai babin da na manta da batun soyayyar gaba ɗaya. Sun yi da wani mai jirgi cewa za su same shi a Amsterdam a wata rana tsayayya, suka sauka a tashar Hellevoetsluis ta Holan suna ganin suna da sauran fiye da mako guda, suka shiga kwalekwalen da doki yake ja a gefen magudanar ruwa hankalinsu kwance, ashe jirgin ya riga ya tashi. Dalili kuwa shi ne Ingila tana kan tsohuwar kalanda, wadda ba ta bari ba sai 1752, kuma tana bayan ta garin da suka sauka da kwana 11. Sai da na ajiye littafin na bincika kafin na yarda.

Malama, batun 1730 kuma kin tayar mini da hankali. Na koma na duba shafin ƙarshe yanzun nan, sai na ga ɗan jirgin bai kwance ƙunshin kayansa ba, ya tura shi ne ƙarƙashin gado da igiyarsa a ɗaure, ni kuwa a karatun farko na ɗauka gajiya ce ta hana shi.