Neman shawara: wa ya kamata in miƙa wa baƙin man da muke juyewa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da wani gareji inda muke yi wa motoci juye, kuma baƙin man da muke fitarwa daga injuna muna tara shi ne a cikin duro. Shekara da shekaru akwai wani bawan Allah da yake zuwa da motarsa yana kwashewa, ni kuwa ban taɓa tambayarsa inda yake kai shi ba. Kwanan nan aka sanar da mu cewa doka tana lissafa wannan mai cikin shara mai haɗari, kuma ba a yarda kowa ya ɗauke shi ba sai mai lasisi. Da na tambayi mutumin sai ya ce shi ba shi da wata takarda. Ban da haka, yaran garejin sukan juye ragowar man birki da ruwan wanke kayan inji a cikin duron ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai, domin ba na son in cutar da kowa. Me ya kamata in yi?

Amsa daga wani injiniyan muhalli:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da hana yaran nan haɗa mai da wani abu, domin wannan ya fi batun lasisi gaggawa. Man da ya yi aiki a cikin inji yana fitowa ne ɗauke da ƙurar ƙarafa irin su dalma da zinki, tare da sinadaran da zafin ƙonewa ya haifar, waɗanda wasunsu suna jawo cutar daji. Duk da haka, idan an ajiye shi shi kaɗai, ana iya sake tace shi ya koma man inji mai kyau. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa galan ɗaya na tsohon mai yana ba da man inji daidai da wanda ake samu daga galan 42 na ɗanyen mai. Da zarar an gauraya shi da ruwan wanke-wanke mai sinadarin kulorin, duron gaba ɗaya ya lalace. A dokar Amurka, idan gwaji ya nuna irin waɗannan sinadarai sun haura kashi 1,000 cikin miliyan, ana ɗaukar cewa an haɗa man da shara mai guba, sai mai shi ya kawo hujjar da ta wanke shi. Dokar shara ta Tarayyar Turai ta 2008 ma ta umarci a tattara tsohon mai daban, kada a cakuɗa shi.

Game da mutumin da ke kwashewa, ka sani cewa a ƙasashe da dama alhakin shara yana kan wanda ya samar da ita har ta isa hannun wanda doka ta amince ya sarrafa ta. Fitar mota daga ƙofar garejinka ba ta sauke maka wannan nauyi ba. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Basel, wadda aka ƙulla a 1989 ta fara aiki a 1992, ta sanya tsohon man inji cikin sharar da ake sa wa ido idan za ta tsallaka iyaka, kuma a kan irin wannan tunani aka gina tsarin takardar rakiya a cikin ƙasa, wato takardar da ke bin shara daga inda aka ɗauke ta zuwa inda za a sauke ta.

Amsa daga wani mai jigilar tsohon mai:

Malam, ni wannan ita ce sana'ata. Duk wanda ya zo ɗauka, ka nemi ganin lasisinsa, ka duba ranar ƙarewarsa, sannan ka tabbatar da shi a wurin hukumar muhallin da ta bayar. Kada ya tafi sai ya cike maka takarda mai ɗauke da kwanan wata, yawan litar da ya ɗauka, lambar motarsa da sunan wurin da zai sauke, ku sa hannu ku biyu, ka riƙe kwafinka. A Amurka shekara uku ake wajabta wa mai jigila ya adana irin wannan takarda, kai ma ba za ka yi asara ba idan ka bi wannan. Duronka kuma ya kasance a rufe, an rubuta abin da ke ciki a jikinsa, a ɗora shi kan daɓen siminti mai ɗan katanga da zai tare mai idan ya yoyo, nesa da magudanar ruwa.

Amsa daga wata malamar kimiyya:

Ɗan'uwa, tambayar inda ake kai man ita ce ta fi damuna. A farkon shekarun 1970, a garin Times Beach da ke jihar Missouri ta Amurka, an riƙa fesa tsohon mai a kan hanyoyi don kwantar da ƙura, ba tare da mutanen garin sun san cewa mai jigilar ya haɗa shi da sharar masana'anta mai gubar dayoksin ba. A 1983 gwamnati ta sanar da cewa za ta saye garin, aka kwashe mazaunansa baki ɗaya. Tun da na karanta wannan labari nake jin tsoron duk motar da ke ɗaukar mai ba takarda.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na ware duro na daban don man birki. To, wanda aka riga aka haɗa fa? Kuma ina jin nauyin mutumin nan, domin da wannan aiki yake ciyar da iyalinsa.

Injiniyan ya sake amsawa:

Wanda aka haɗa, ka rufe shi, ka rubuta a jikinsa abin da aka zuba, kuma ka faɗa wa mai lasisin gaskiya kafin ya ɗora a tankinsa, domin duro ɗaya yana iya ɓata lodin mota guda. Shi kuwa mutuminka, ka zaunar da shi ka yi masa bayani, ka raka shi ofishin hukumar muhalli ya ji sharuɗɗan rajista, ko ka haɗa shi da wani kamfani mai lasisi da zai iya aiki a ƙarƙashinsa. Kafin ya kammala wannan, ka dakatar da ba shi man.