Yayana zai dawo daga Ingila, me zan ce ya riƙo mini?

Ɗan Gesse: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni sabo ne a nan, ina Birnin Kebbi. Na daɗe ina kallon bidiyon masu haɗa ƙananan sojojin roba na Warhammer 40,000, wasan yaƙi na kan tebur, suna yi musu fenti, har abin ya shiga raina, amma ban taɓa riƙe ko ɗaya a hannuna ba. Yayana da ke karatu a Ingila zai zo hutu, ya ce in rubuta masa abin da nake so, kada dai ya wuce rabin ƙaramar jaka. Don Allah me ya kamata ya sayo can, me kuma zan iya samu a kasuwarmu?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam, ƙanena, barka da zuwa. Abu na farko, kada ka sa shi ya ɗauko maka runduna guda. Cikakken wasa na maki 2000 (da maki ake auna girman runduna) shina cin sojoji masu yawan gaske, ga tebur mai inci 44 da 60, ga awa uku ana zaune. Wanda ya fara da wanga tuli, rabin kayan cikin kwali za su tsufa. Ka nemi akwatin masu farawa, ko ƙungiya ɗaya ta Kill Team. Kill Team ƙaramin nau'in wasan ne, sojoji kamar goma kowane ɓangare, fili inci 22 da 30 kacal, zagaye huɗu an tashi. Goma ɗin nan za ka iya gama fentinsu ka ga kyawunsu, kuma ko a kan teburin shayi ana bugawa.

Injiniya Kalgo: Na goyi bayan Baban Hanifa, kuma in ƙara: kada ya sayo littattafai. Nauyi gare su, kuma ba sa daɗewa. Kamfanin Games Workshop da ke Nottingham ya fara wasan a 1987, kuma a 'yan shekarun nan bugu na 8 ya fito a 2017, na 9 a 2020, na 10 a 2023. Ka ga kusan duk shekara uku ake sauya dokoki. Sojan roba ba ya tsufa, littafi ne ke tsufa. Lokacin da bugu na 10 ya fito sun saki ainihin dokokin kyauta a intanet, sai ka sauke a waya. Ka ce wa yayanka ya leƙa shagunan da ba na kamfanin ba, sukan yi ragi, sannan ya duba eBay, akwai masu sayar da na hannu.

Ɗan Gesse: Na gode Yaya. To na hannu ba an riga an yi musu fenti ba? In fentin bai yi kyau ba fa?

Injiniya Kalgo: Ana wanke shi. Ka jiƙa su cikin sifirit na kemis ko Dettol, su kwana, ka goge da tsohon burushin haƙori. In Dettol ne, kada ruwa ya taɓa su sai fentin ya fita duka, in ba haka ba zai dame ya yi danƙo. Abin da za ka guje wa shi ne tina ta masu fenti da abin goge jan farce, waɗannan narkar da robar suke yi.

Maman Sadiq: Sannunku. Kafin a yi nisa, ku gaya masa maganar jirgi. Fentin feshi na gwangwani ba ya hawa jirgi, ko a jakar hannu ko a babbar jaka, saboda yana kama wuta. Gam ɗin da ke narkar da roba ya haɗe ta, irin Tamiya Extra Thin, shi ma haka. Kada ka jawo wa bawan Allah tsaiko a filin jirgi. Fentin kwalba mai haɗin ruwa shi ne ba matsala, a ɗaure shi cikin leda a sa a babbar jaka.

Baban Hanifa: Gaskiyar Hajiya. Shi ya sa akwatunan masu farawa sunka dace da mu, sojojin ciki matsa su ake yi su shige juna, ba sai da gam ba. In kuma ka samu waɗanda ke son gam, sufa gulu na kasuwa ya isa. Ɗigo kaɗan da bakin tsinken sakace, ba tsiyayawa ba, don in ya yi yawa shina barin farin tabo. Cire su daga firam ɗin roba da suke zuwa manne a jiki kuwa, ƙaramin kota na masu gyaran waya da rediyo ya fi komai, in babu ka yi da abin yanke akaifa. Ɗan layin da ke fitowa a gefen soja daga wurin zubi, kankare shi ake yi da bayan reza a hankali. Duk wanga kada ka ɓata wurin jaka a kai.

Inda nika son ka kashe kuɗinka shi ne fenti da burushi, kuma nan ne yanayin garinmu ke shigowa. Masu bidiyon nan a ƙasar sanyi da laima suke. Mu daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, hunturu kuma iska a bushe take ƙarau. Fentin Citadel, na kamfanin Games Workshop, cikin ɗan kofi mai murfi yake zuwa, mililita 12, kuma muddin kana aiki a buɗe yake, iska na shan shi. In fenti ya taru a bakin murfin, ba ya rufuwa daidai, sai ka waiwayo ka tarar ya daskare. Vallejo na ƙasar Sifen da Army Painter na Denmak kwalba ce mai ɗan baki, ɗigo biyu za ka matso ka rufe. Ni a Kebbi su nika ba kowa shawara. Baƙi, fari, ja, shuɗi, rawaya, ruwan ƙasa, ruwan azurfa, ruwan zinari, sauran launuka ka haɗa da kanka. Ka ƙara da kwalba ɗaya ta fentin shimfiɗa na Vallejo wanda ake shafawa da burushi kafin launi, da banish marar ƙyalli na shafin ƙarshe don kare fenti. Burushi lamba 1 da lamba 2 masu tsinin baki, biyu masu kyau sun fi goma na banza.

Na-Argungu: Malam, nan kam ban bi ka duka ba. Launukan yau da kullum na yarda, amma Nuln Oil da Agrax Earthshade na Citadel ne, kuma ban ga abin da ke taimakon sabon hannu kamarsu ba. Ruwa-ruwa ne, kana shafawa sai ya gangara cikin lunguna ya zauna, duk zanen sulke ya fito. Su ba su saurin daskarewa kamar masu kauri. Haɗarinsu ɗaya, kifewa. Ka kafa kwalbar cikin ɗan soso ko ka manne gindinta a murfin roba. Ya sa waɗannan biyun cikin jerin.

Baban Hanifa: Na karɓa, waɗannan biyun su shiga.

Maman Sadiq: Ni abin da ya gyara mini aiki a lokacin zafi shi ne faranti mai danshi, kuma a kicin na haɗa shi. Robar abinci mai murfi, ka shimfiɗa tishu ninki uku ka jiƙa shi sosai, ka ɗora takardar gashin kek a sama. A kan takardar kake matso fenti. Danshin yana ratsowa daga ƙasa, fentin da zai bushe cikin minti kaɗan sai ya kai ka har ka tashi. Ka riƙa canza tishun kada ya yi wari. Sannan ka tsinka fenti da ruwa ya koma kamar madarar shanu, ka shafa sau biyu ko uku, kowanne ya bushe. Shafi ɗaya mai kauri cike ƙananan zanen yake yi, kuma ba ya gyaruwa sai an wanke. Kashe fanka in kana aiki, ko ka juya ta gefe.

Burushin kwalliya na mata mai taushi, wanda ake shafa hoda da shi, shi ne mafi kyau wajen busasshen shafi. Ka taɓa fenti mai haske, ka goge a tishu har ya kusa ƙarewa, ka riƙa wucewa a kan sojan. Gefe-gefe kawai zai kama. A kowane shagon kayan kwalliya akwai shi.

Ɗan Gesse: Allah ya saka da alheri Anti. Fentin feshi na kasuwa da masu babur ke saye fa, zai yi a matsayin shimfiɗa?

Injiniya Kalgo: Yana yi, amma da sharaɗi. Ka nemi baƙi ko ruwan toka marar ƙyalli, ka fara gwadawa a kan ragowar firam ɗin, ka bar shi ya kwana. In ya yi danƙo ko robar ta yi laushi, ajiye shi. In ya bushe sumul, bismillah. Ka girgiza gwangwanin minti biyu, ka tsaya nesa kamar santimita 25, ka riƙa wucewa da sauri. Kuma bayan sallar asuba ake yi. Da rana tsaka fentin bushewa yake a iska kafin ya sauka, sai jikin sojan ya fito da tsakuwa-tsakuwa. Ranar da hazo ya sauka kada ka yi feshi sam, in kuwa dole ne, ka kifa kwali a kansu da zarar ka gama. Da damina kuma banish ɗin feshi ne ke yin fari-fari saboda laima, shi ya sa na shafawa ya fi kwanciyar hankali.

Ɗan Jega: Salamu alaikum. Ina son in faɗi wani abu don ƙila ya shafe ka. A gidanmu mahaifinmu ba ya son a ajiye abin da ke da siffar mai rai, kuma na girmama hakan. Shi ya sa na koma BattleTech. Wasa ne da ya fito tun 1984, kuma injuna ne manya masu ƙafafu, yawancinsu ba fuskar mutum ko dabba. Huɗu sun isa ɓangare ɗaya, a haɗe suke zuwa ba ruwanka da gam, ana buga shi a kan taswirar takarda mai gidaje masu kusurwa shida, da dayis biyu. Kowane inji da takardarsa, kana soke sulkensa da fensir in an harbe shi, kana kuma lissafin zafin da injin ke tarawa, in ka cika harbi zai iya mutuwa a tsakiyar fili. Akwatin masu farawa har da na kwali masu tsayawa a ciki. Ka fara jin ra'ayin mutanen gida kafin kaya su iso.

Ɗan Gesse: Wallahi ban yi wannan tunanin ba, kuma ya dace. Zan yi wa Baba bayani yau da dare.

Na-Argungu: In an amince maka, ni Necrons, rundunar Warhammer mai jikin ƙarfe, nika ba sabo shawara don sauƙin fenti. Shimfiɗa baƙi, azurfa a jiki duka, Nuln Oil, busasshen shafi da azurfa mai haske, ɗan kore a bindiga. Shi ke nan, kuma sun yi kyau a tebur. Gindin da soja ke tsayawa a kai kuwa, kada ka sayi komai. Rairayin bakin gulbi munka ɗebo nan Argungu, munka shanya, munka tankaɗe da rariya. Top Bond na kafintoci za ka shafa, ka tsoma gindin cikin rairayi, in ya bushe ka bi shi da wani gam ɗin da anka tsinka da ruwa don kada ya zube. In kana son filin wata duniya mai ja, daka marmara ka tankaɗe, ba ta buƙatar fenti ma.

Injiniya Kalgo: Gine-ginen fili ma haka. Kuma kada a raina su, filin da ba abin ɓuya wanda ya fara harbi ne ke ci. Gwangwanin madara da na tumatir su ne tankunan mai, guntun bututun ruwa daga masu famfo, tsofaffin allunan rediyo daga 'yan gwangwan, farin soson da ke cikin kwalin firiji shi ne rusasshen bango. Soson nan dai sai ka shafe shi da gam ɗin kafinta kafin feshi, don feshi da sufa gulu cinye shi suke yi. Awo da inci ake yi, tef ɗin tela ya wadatar. Dayis irin na ludo ne, ka tara kamar ashirin.

In dokokin Warhammer sun yi maka yawa da farko, ka sauke Grimdark Future na One Page Rules, kyauta ne kuma da kowane irin soja ana buga shi. Lamba biyu ce ginshiƙinsa, ta ƙwarewa da ta kariya, kuma ƙungiya ɗaya kake motsawa sai abokin wasanka ya motsa tasa, ba wanda zai zauna yana jira. A Warhammer kuwa kowane hari jifan dayis uku ne: ka samu, ka raunata, abokin wasanka kuma ya jefa ya kare. Wajen raunatawa ƙarfin makami ake gwadawa da taurin jiki. In sun yi daidai 4 kake nema zuwa sama, in makamin ya fi 3, in ya ninka 2, in ya gaza 5, in rabi ne ko ƙasa sai 6. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin wasan.

Ɗan Jega: Injiniya, injin 3D mai buga sojojin nan da ruwan resin fa? Na ga ana tallar na kamfanin Elegoo.

Injiniya Kalgo: Ba yanzu ba. Bugu ɗaya awanni yake ci, wuta ta ɗauke a tsakiya aikin ya lalace, sai mai sola da batir mai ƙarfi. Ruwan kuma guba ne ga fata, sai da safar hannu da ɗaki mai iska, nesa da yara.

Maman Sadiq: Tunda an ambaci yara, wajen ajiya. Gwangwanin biskit na ƙarfe, ka manna ƙaramin maganaɗisu a ƙarƙashin kowane soja, su tsaya cak ko a kan babur, ƙura ba ta shiga. Amma maganaɗisun nan in yaro ya haɗiye biyu haɗari ne babba, a sama can za ka ajiye. Kada kuma ka bar su a mota da rana, siraran bindigogi lanƙwashewa suke yi.

Ɗan Gesse: To ga abin da zan tura masa in Baba ya yarda: akwatin masu farawa ɗaya, Vallejo launi takwas, fentin shimfiɗa, banish, Nuln Oil da Agrax, burushi biyu, maganaɗisu. In bai yarda ba, BattleTech da fentin nan dai.

Baban Hanifa: Ya yi. Maganaɗisun ka ce masa mai faɗin milimita 5 da kaurin 2, shi ke shiga ƙarƙashin gindi. Kuma ba sai ka jira jirgi ba, ranar Asabar bayan la'asar muna haɗuwa wajena a Badariya, Na-Argungu zai tahi da Necrons ɗinsa. Ka zo in ba ka soja ɗaya da burushi ka gwada hannunka. Zan turo maka kwatance ta waya.

Ɗan Jega: Ni ma in Allah ya yarda ina tafe da taswira da injuna huɗu. A taya ni da fensir da abin gogewa.