Muhawara: A Hana Yara Rubutu da Kwamfuta Sai Sun Kai Aji Huɗu?

Tsohon shugaban makaranta:

Assalamu alaikum. Zan ajiye wata magana a gabanku, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina bai kamata a ɗora hannun yaro a kan allon madannai na kwamfuta domin rubutun aji ba sai ya gama aji uku na firamare, wato sai hannunsa ya faɗa da fensir. Ba ƙin zamani ne ya sa na faɗi haka ba. Ƙasar Suwidin tana cikin waɗanda suka riga kowa cika azuzuwa da kwamfutocin hannu, har da makarantun renon yara, amma a 2023 ministar makarantunta, Lotta Edholm, ta ja linzami, gwamnati ta ware kuɗin sayen littattafan takarda, aka koma ƙarfafa rubutun hannu. Makin 'yan aji huɗu na ƙasar a gwajin karatu na duniya da ake kira PIRLS ya sauka daga 555 a 2016 zuwa 544 a 2021. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Malamin kwamfuta:

Wa'alaikumus salam, Baba. Da girmanka, amma misalin Suwidin bai ɗauki nauyin da ka ɗora masa ba. Tsakanin 2016 da 2021 annobar korona ta gifta, kuma ƙasashe da dama sun ga makinsu ya sauka a wannan gwaji, ciki har da waɗanda ba su zurfafa da kwamfuta ba, saboda haka ba za a kama kwamfutar hannu a ce ita kaɗai ce mai laifi ba. Sannan ba Suwidin ce kaɗai ƙasa a duniya ba. Ingila ta shigar da ilimin kwamfuta cikin manhajar karatunta tun 2014, ana fara shi daga shekara biyar. Finlan ta daina wajabta rubutun hannu mai haɗe da juna a 2016, ta ba koyon buga rubutu gurbi, ko da yake yara suna ci gaba da rubuta haruffa ɗaiɗai da hannu. A Amurka kuwa, ƙa'idojin karatu na bai-ɗaya da jihohi da yawa suka karɓa daga 2010 sun buƙaci ɗan aji huɗu ya iya buga shafi guda a zama ɗaya, kuma babu yadda yaron da bai taɓa allon madannai ba sai a aji huɗun zai cika wannan sharaɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da babu na'ura a gidansu. Ɗan mai hali zai koya ko makaranta ta yarda ko ta ƙi, shi kuwa ɗan marar hali, ajin nan ne kawai wurinsa. In muka jinkirta, shi muka jinkirta wa.

Malamin kwalejin horar da malamai:

Ina ganin kuna kiran abu biyu da suna ɗaya. Akwai koyon siffar harafi, akwai kuma tsara tunani a rubuce, kuma hujjar da ta shafi na farko ba lallai ta shafi na biyu ba. A kan na farko, bincike yana bayan Baba. A 2005 Marieke Longcamp da abokan aikinta a Faransa sun koya wa yara 'yan shekara uku zuwa biyar haruffa tsawon mako uku, wasu da hannu, wasu da allon madannai, aka tarar manyan cikinsu da suka rubuta da hannu sun fi gane haruffan daga baya. A 2012 Karin James ta Jami'ar Indiyana ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 15 'yan shekara biyar da ba su fara karatu ba, ta ga sassan ƙwaƙwalwar da ke aiki wajen karatu sun fi motsawa idan yaron ya zana harafin da kansa, fiye da idan ya danna shi, ko ma ya bi ɗigo-ɗigon da aka shata masa.

Dalilin da ta bayar ya kamata kowane malamin aji ɗaya ya riƙe shi. Yaro ba ya rubuta harafin "a" iri ɗaya sau biyu: wannan ya karkace, wancan ya yi ciki, na gaba ya yi wutsiya. Wannan karkacewar da muke yi masa faɗa a kanta, ita ce ke koya wa idonsa abin da ya sa "a" ya zama "a" ko da wace siffa ya zo. A allon madannai kuwa, motsin yatsa ɗaya ne ke fitar da kowane harafi, hannu ba ya jin bambancin "a" da "g".

Sai dai ina roƙon kada a jawo mana binciken Norwe na 2024 da ake ta yawo da shi, wanda ya kwatanta aikin ƙwaƙwalwa a lokacin rubutun hannu da lokacin buga rubutu. Ɗaliban jami'a 36 aka yi shi da su, kuma da yatsa ɗaya aka sa su buga rubutun. Ba ya gaya mana komai kai tsaye game da ɗan aji biyu.

Malamar aji biyu:

Malam, na gode da wannan rarrabewa, domin abin da nake gani a aji ke nan, sai dai ban taɓa iya faɗarsa haka ba. Ranar da na fara kai yarana ɗakin kwamfuta, na ce kowa ya rubuta jimla ɗaya a kan abin da ya gani a hanyar makaranta. Wani yaro mai kaifin baki ya faɗa mini jimlarsa tsaf, sannan ya sunkuya yana neman harafin farko, yatsansa na shawagi a sama. Haruffan allon manya ne, shi kuwa ƙanana ya fi sabawa da su, kuma ba a jere suke yadda ya haddace su ba. Ya samu na farko, ya samu na biyu, yana cikin neman na uku sai ya ɗago kai ya ce, "Malama, me ma na ce zan rubuta?" Jimlar ta gudu yana farautar haruffa.

Amma a wannan ajin akwai wata yarinya da ba ta yarda ta gyara abin da ta rubuta a littafi, saboda ta taɓa goge layi ɗaya sau uku har takardar ta huje, 'yan'uwanta suka yi mata dariya. Tun daga ranar, duk abin da ya fara sauka a takarda shi ne na ƙarshe a wurinta. Da na nuna mata a kwamfuta yadda ake ɗauke jimla daga ƙasa a mai da ita sama ba tare da tabo ba, sai da ta sauya farkon labarinta sau huɗu, kuma na huɗun ya fi na farko nesa ba kusa ba. A nan na fara ganin ta gane cewa rubutu abu ne da ake komawa kansa. Shi ya sa ban iya bin Baba har ƙarshe ba, ban kuma iya bin Malamin kwamfuta har ƙarshe ba.

Wata uwa:

Ni ba malama ba ce, amma a yi mini izini. Ɗana yana da shekara bakwai, idan ya fara ba ka labari da baki sai ka roƙe shi ya tsaya, amma idan aka ba shi fensir, layi biyu yake yi ya ajiye, yana yarfe hannu yana cewa ciwo. A makarantar da yake a da an ɗauke shi malalaci, kullum hukuncinsa ya sake kwafe shafi. Da aka ba shi damar buga labarinsa, ya cika rabin shafi, a karon farko malaminsa ya ga abin da ke cikin kansa. Baba, in aka bi dokarka, shekara biyu ke nan zai ƙara ana auna hankalinsa da ƙarfin yatsunsa.

Tsohon shugaban makaranta:

'Yata, Allah Ya ba shi lafiya, kuma ban haɗa da irinsa ba. Yaron da ke da lalura a hannu ko wata matsalar rubutu, a ba shi duk abin da zai buɗe masa hanya, amma ba a gina dokar aji a kan mai lalura. Ga sauran yara, Virginia Berninger ta Jami'ar Washinton ta gwada 'yan aji biyu da huɗu da shida, ta samu sun fi rubuta insha'i mai tsawo, cikin sauri, da alƙalami fiye da allon madannai. Wannan shi ne yaron Malama da jimlarsa ta gudu.

Malamin kwamfuta ya yi maganar yaran marasa hali, to ai an gwada. Shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, wanda Nicholas Negroponte ya kafa a 2005, ya samu karɓuwa sosai a Peru. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya bi diddiginsa a makarantun karkara 319, ya fitar da sakamako a 2012: bayan wata 15, babu wani ci gaba a makin lissafi ko na harshe. Ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, OECD, ta ce a 2015 ɗaliban da ke yawan amfani da kwamfuta a makaranta sun fi na kowa raunin sakamako, ko da yake masu amfani da ita daidai gwargwado sun ɗan ɗara waɗanda ba su cika taɓa ta ba. Rahoton UNESCO na 2023 ma ya yi gargaɗin cewa da yawa daga hujjojin amfanin waɗannan na'urori daga masu sayar da su suke fitowa. Sannan ga jan layin nan da kwamfuta ke ja a ƙarƙashin kalmar da aka yi kuskure: yaro ya danna, ta gyara masa, ya wuce bai san me aka gyara ba.

Malamin kwamfuta:

Na karɓi maganar Peru, Baba, amma abin da ta nuna shi ne raba na'ura ba koyarwa ba ne. Bari in mai da kai Suwidin ɗin da ka fara da ita. A yankin Sollentuna kusa da Stockholm, Annika Genlott da Åke Grönlund sun kwatanta sakamakon ɗalibai kusan 500 a jarrabawar ƙasa ta aji uku, suka wallafa a 2016. Kashi uku ne: waɗanda aka koyar ba kwamfuta, waɗanda kowa ke aiki da tasa shi kaɗai, da waɗanda ke rubutu a kwamfuta su saka shi inda malami da 'yan aji za su karanta su rubuta musu gyara, sannan su koma su inganta. Kashi na ukun ne ya zo gaba, masu takarda suka bi, masu kwamfuta ba tsari suka zo ƙarshe. Na'ura ɗaya ce ta fitar da na farko da na ƙarshe. Jan layi kuwa ana kashe shi, aikin daƙiƙa kaɗan ne.

Malamin kwalejin horar da malamai:

Binciken yana da amfani, sai dai a lura ba ƙuri'a aka jefa wajen raba azuzuwan ba, kuma malamin da ya ɗauki wahalar koyon sabuwar hanya mai yiwuwa dama can mai himma ne. Akwai kuma tambayar da Baba zai iya yi: shin kwamfutar ce ta yi aikin, ko samun mai karantawa da mai gyara? Yara suna iya musayar littattafai su rubuta wa juna gyara da fensir.

Malamar aji biyu:

Suna iya yi, Malam, kuma ina sa su, sai dai ɗan aji biyu yakan sha wuya wajen karanta rubutun hannun ɗan'uwansa, rabin lokacin yana tafiya ne a kan "wannan wane harafi ne?" Bugaggen rubutu kowa yana karanta shi.

Abin da ban ji kowa ya ambata ba shi ne lokaci. Kafin yara su zauna, a kunna na'urori, wanda ya manta kalmar sirrinsa a nemo masa, kashi ɗaya cikin uku na darasin ya tafi, kuma idan na juya baya zan tarar da mai sauya launin sunansa daga ja zuwa kore bai rubuta komai ba. Ga mai rubutu da Hausa kuma akwai ƙarin aiki, domin ƙ da ɗ da ɓ ba sa kan allon madannai na yau da kullum sai an saita su, in ba haka ba yaro zai saba rubuta "kafa" alhali "ƙafa" yake nufi. Saboda haka tsarina a yanzu shi ne fensir kullum, kwamfuta sau ɗaya a mako, kuma ba a zuwa gabanta sai da rubutun da aka riga aka fara a littafi. A can suke koyon ba aikinsu suna su adana shi, su nemo shi mako mai zuwa, su rubuta wa abokinsu gyara ba tare da cin fuska ba, su kuma san cewa ba a saka cikakken suna da adireshin gida a abin da wasu za su gani. Waɗannan ma rubutu ne, kuma ba na jin sai an kai aji huɗu ake fara su.

Tsohon shugaban makaranta:

Malama, abin da kika bayyana ya fi kusa da nawa fiye da yadda kike zato, tunda fensir ne a gaba. Inda ban sauka ba shi ne cewa kwamfutar ce ta inganta labarin yarinyar nan. Ina zargin kulawar da kika ba ta ce. Ki raba ajinki biyu da ƙuri'a, ki ba su take ɗaya, kowa ya fara a littafi, sannan rabi su yi gyara a takarda, rabi a kwamfuta da jan layin a kashe. Ki buga na masu takardar da kanki, da kurakuransu yadda suke, ki cire sunaye ki aiko mini, ni zan duba ban san na wane ne ba.

Malamin kwamfuta:

Na yarda, da sharaɗi ɗaya: a ba ni mako huɗu tukuna in koya wa ajin duka inda haruffa suke, domin fensir ya riga ni da shekara biyu a hannunsu.

Malamar aji biyu:

Mako huɗun naka ne, Malam, amma daga lokacin darasinka za a cire su, ba daga nawa ba. Baba, zan aiko maka da rubuce-rubucen kafin hutun zango.