Taƙaitawa: Auna Lalacewar Jijiyoyin Motsi a Cutar ALS

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu kan yadda ake auna lalacewar jijiyoyi a ALS, cutar da ke lalata jijiyoyin da ke sa tsoka motsi.

1. An yarda cewa cutar na taɓa jijiyoyin sama, masu saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, da na ƙasa, masu fita zuwa tsoka. Na ƙasa gwajin EMG, mai auna lantarkin tsoka, na gano lalacewarsu ta allura a tsoka. Na saman ne ke ba likitoci wuya, musamman in tsoka ta riga ta rame.

2. Hoton MRI (mai nuna cikin jiki) na yau da kullum ba ya tabbatar da cutar. Aikinsa kawar da wasu cututtuka, kamar matsewar laka a wuya.

3. Don auna na saman akwai DTI, wani nau'in hoton MRI da ke bin tafiyar ruwa cikin zaren jijiya. Lafiyayyen zare, ruwa hanya ɗaya yake bi. In ya lalace, sai ya warwatsu. Nan ra'ayi ya rabu: wasu na ganin amfaninsa a asibiti, wasu suka ce ya fi nuna bambanci tsakanin rukunin mutane, ba mutum ɗaya ba. Ni ma nan na karkata.

4. TMS, wani gwajin jijiyoyin sama wanda Anthony Barker ya gabatar a Ingila a 1985: a ɗora maganaɗisu bisa kai, a zaburar da ƙwaƙwalwa, yatsa ya motsa, a auna daɗewar saƙon. Jinkiri alamar lalacewa ne. Ga mai farfaɗiya ko ƙarfe a kai kuwa, dole a sanar da likita tun kafin gwaji.