Lambu a bayan aji, anya zai ciyar da yara kuwa?

Malama_Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata firamare nan Jos ta Arewa, aji biyu ne a hannuna, wlh kafin ƙarfe goma rabin ajin sun kifa kai a benci, in ka bincika sai ka ji yaro ko koko bai sha ba ya fito. Tunda abincin gwamnati ya tsaya muka koma gidan jiya. Akwai ɗan fili bayan ajujuwa shine nace ko lambu zamu yi. Wanda ya taɓa gwadawa dan Allah ya bamu shawara.

DanFarinGada:
Wa alaikumussalam Malama. Kayan gwari sana'ata ce. Kar ki fara da kabeji ko tumatir, tsutsa da kuɗin feshi zasu gama dake. Ki sa alayyafo, wata ɗaya da 'yan kwanaki kin fara yanka, sai rama da yakuwa, zogale kuma a jera a gefe. Amma fa kafin iri shinge, awakin unguwa basu san na makaranta ba. Sannan dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, in ba a bar wa maigadi amana ba kuna dawowa ciyawa ta kai ƙugu.

Baban_Ummi:
Ni dai gaskiya kar mu yaudari kanmu, ganye ba ya cika ciki. Shirin ciyar da 'yan makaranta da Buhari ya fara a 2016 naira 70 aka ware wa kowane yaro da farko, aji ɗaya zuwa uku kawai, kuma duk da ƙanƙantarsa mun ga yadda yara ke tururuwa da kwanukansu, sai gashi a Janairun 2024 aka dakatar da shi. A Brazil a 2009 aka yi doka cewa aƙalla kashi 30 na kuɗin abincin makaranta a sayi kayan ƙananan manoma da shi, mu kuma ga dankali a Bokkos da Mangu yana ruɓewa lokacin kaka yara na hamma a aji. Wannan aikin gwamnati ne ba na malama da fartanya ba.

Maman_Biyu:
Baban Ummi ai kafin gwamnati ta waiwayo yaron ya gama firamare. Malama ku yi gwate kawai, shi ne rufin asirin Jos. Iyayen da suke da hali su kawo tsakin masara ko acca ko da gwangwani ɗaya ne, lambu ya bada ganye da gauta, a ɗan watsa wake da ƙuli, sau biyu a sati ma an rage zafi. Ki nemi irin dankalin Hausa mai jan ciki, yana da bitamin A sosai kuma yara na sonsa dan zaƙinsa.

Malama_Rikkos:
Allah ya saka da alheri. Zan kai maganar gwaten taron iyaye. DanFarinGada rijiya muna da ita amma tana ƙafewa wajen Fabrairu, zogalen zai jure har ruwa ya sauka?