Babur ɗin daji mai lantarki ga mai ƙafar roba: waɗanda suka hau su ba mu labari

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan da aka yanke min ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Kafin hatsarin babu ranar hutun da ba na shiga daji da babur. Da na samu ƙafar roba na koma kan tsohon mashin ɗina sau biyu, amma giya ta hana ni sakat. Tana gefen hagu, ƙafar roba kuma ba ta da idon sawun da zai lanƙwashe ya ɗago ta, sai dai in ɗaga cinya gaba ɗaya, wani lokaci ta shiga, wani lokaci ta ƙi. Yanzu hankalina ya koma kan masu lantarki tunda ba giya, ba kuloci. Uku nake dubawa: Sur-Ron Light Bee, da yayansa Ultra Bee, da Stark Varg. Ba zan ɓoye ba, raina yana kan Varg. Duk wanda ya hau da lalura irin tawa ko wata daban, don Allah ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Mai shan inna:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ƙafar dama ce shan inna ta taɓa tun ina yaro, ba ta iya taka birkin baya. Abin da ya kai ni ga Light Bee ke nan, domin birkinsa biyu duk a hannu suke, na gaba a dama, na baya a hagu inda kuloci ya saba zama. Aikin ƙafa kawai ta zauna a kan mataki.

Amma nauyi nake so ka riƙe. Light Bee kilo 50 ne da 'yan kai, Ultra Bee wajen 85, Varg kuwa 118. Ban san ma'anar waɗannan lambobi ba sai ranar da nake cikin busasshen rafi, tayar gaba ta nutse a yashi, na kwanta ta gefen ƙafar da ba ta da ƙarfi, babur ya danne ta. Ba kowa kusa. Na sa hannu ɗaya a sirdi, ɗaya a sitiyari, na tura shi sama na zaro ƙafar, na durƙusa a gwiwa na miƙar da shi. Da mai kilo ɗari da wani abu ne, da ina nan kwance sai wani ya biyo. In ka je gwaji kada ka fara da gudu. Ka roƙi mai shi a kwantar da babur a kan ciyawa, ka ɗaga shi kai kaɗai, ta dama sannan ta hagu.

Mai hannu ɗaya:
Abin da ya zame wa Malam sauƙi shi ne ya zame min aiki. Jijiyoyin kafaɗata ta dama sun tsinke, hannun yana nan amma ba ya riƙo. Babur mai birki biyu a hannu bai dace da ni ba ko kaɗan, ni mai birkin ƙafa nake nema. Wannan abu ɗaya na yaba wa Varg, mai saye ne ke zaɓar inda yake son birkin baya, hannu ko ƙafa. Nawa an mayar min da birkin gaba hagu, totur ma aka canza shi zuwa na babban yatsa. Aikin bai yi wuya ba, domin totur ɗin mai lantarki waya ce ke kai saƙo, babu kebur da ake ja. Na ƙara da na'urar da ke danne girgizar sitiyari, saboda dutse ɗaya ya isa ya fizge shi daga hannu ɗaya.

Abin da ya kusa kai ni asibiti kuwa shiru ne. A watan farko na tsaya in kawar da reshe a hanya, na manta babur a kunne yake tunda ba ya ƙara. Ina dawowa na kama shi, yatsana ya taɓa totur, ya zabura ya ja ni ƙasa. Tun daga ranar na sa igiya a wuyan hannu, wadda in na rabu da babur take kashe shi nan take. Kai da za ka riƙa dafa sitiyari kana hawa kana sauka, ka saba da kashe shi kafin ka sauke ƙafa. Kuma ka fara da ƙaramin ƙarfi. Varg ana saita shi ta waya daga ƙarfin doki 10 har zuwa 80 a babban samfurinsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Wallahi maganar shirun nan ba ta taɓa zuwa raina ba. To yaya ƙafar roba take zama a kan mataki? Ba na jin inda take, tsorona kada ta zame ban sani ba.

Abokin lalura:
Ɗan uwa, yankanmu ɗaya, hagu ƙasan gwiwa. Tana zamewa, musamman a gargada in ka miƙe tsaye. Na sa mataki mai faɗi mai haƙora, na koyi matse babur da gwiwa, ita ce take gaya min inda ƙafar take. Kada ka bari a ɗaure maka ita a jikin mataki, in ka faɗi dole ka rabu da babur. Gumi shi ne na biyu. Bayan awa ɗaya dungun yana jiƙewa, ƙafar ta fara juyawa a kwasfarta. Ina tafiya da ƙaramin tawul da safar dungu ta canji, in tsaya in goge. Tsayin sirdi kuma ka auna shi da ƙafarka mai lafiya. Ultra Bee santimita 91 ne, Varg ya fi haka. An iya rage tsayi, amma shokozoba za ta rasa wani abu na aikinta, cikin babur kuma ya matso ƙasa.

Matar mahayi:
Mijina ne mai hawa, ni ce mai tare shi in zai tsaya don kada ya faɗi. Ya samu rauni a lakar baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya ji. Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa shi ne Doug Henry, zakaran tseren babur na Amurka da ya shanye a 2007 ya kuma koma kan babur da kejin ƙarfe kewaye da ƙafafunsa, da Nicola Dutto ɗan Italiya wanda ya shiga gasar tseren hamada ta Dakar ta 2019 a Peru, tare da mahaya da ke tare shi duk inda zai tsaya. Mu ma keji aka yi mana, da sirdi mai makari da ɗamara. Mai irin lalurarsa ba ya ɗaure jikinsa sai da keji, in ba haka ba babur ne zai murƙushe ƙafar.

Ina rubuto wannan ne saboda fata. Lokacin da yake kan mai fetur, salansa ta ƙona masa ƙauri bai sani ba, sai da dare ina cire masa takalmi na ga wando ya manne da ciwon. Wata biyu muna jinya. Mai lantarki ba shi da salansa, kuma don haka muka canza, amma injinsa da faifan birki suna zafi, kada a saki jiki. Duk dawowa ina duba masa ƙafafu da mazauni, wurin da ya yi ja bai washe ba, an fasa hawan gobe. Yaya, kai ma dungunka haka yake buƙata. Ka kuma nemi mai ribas. Ultra Bee yana da shi, kuma wanda ba ya iya tura babur baya da ƙafa shi ya san darajarsa a ƙarshen hanyar da ta toshe.

Makanike:
Na gyara wa mutum uku masu lalura. Ku sayi wanda kayan gyaransa ke samuwa. Cikin kamfanonin babur mai lantarki, Alta Motors ta Amurka ta rufe a 2018, Cake ta Suwidin ta karye a 2024, ba ƙaramin abu ba ne a ƙera keji da sirdi a kan babur sannan a rasa batirinsa. Light Bee birkinsa da shokozobarsa irin na keken hawan dutse ne, mai jiki sosai ko mai ƙara keji ya duba na sama da shi. Wasu suna cewa in cire musu na'urar da ke kashe babur in ya faɗi, ko ta jikin jak. Ba na cirewa. Nisan da aka rubuta a takarda kuma na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne a hankali, yashi da tudu suna shanye caji. Mai ƙafa biyu in batir ya mutu zai tura, kai fa? Caji na kaiwa rabi, ka juya gida. Dokar hawa titi ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a tambaya kafin a biya.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Jiya na samu masu baburan suka bar ni na gwada biyu. Varg na hau shi a ƙaramin ƙarfi, daɗinsa ba a magana, amma da muka kwantar da shi ta hagu na kasa ɗaga shi, ƙafar roba tana zamewa a ƙasa duk lokacin da na yunƙura. Ultra Bee na ɗaga shi ta dama da sauƙi, ta hagu sai a karo na uku, kuma yatsun ƙafata ta dama ne kawai suke taɓa ƙasa. Light Bee ya rage, sati mai zuwa in sha Allahu. Na riga na sayi igiyar wuyan hannu. Abokin lalura, matakin nan mai faɗi da ka sa, walda aka yi maka ko saye ka yi?