Neman shawara: tankina lita 100 ne, yara sun dage sai bulu tang

Salam 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Na haɗa tankin kiwon kifi na ruwan gishiri da murjani lita 100, tsawonsa santimita 60, yau sati biyar kenan da zuba duwatsu da yashi, na gwada ruwa amoniya (gubar da ke taruwa daga dattin cikin ruwa) ta koma sifili, ma'aunin gishiri yana kan 1.025. To yarana sun tsaya kai da fata sai bulu tang, shuɗin kifin nan mai rawayar wutsiya, kuma wanda na gani ɗan ƙarami ne bai wuce babban yatsa ba. Nace ko in sa shi da kifin kilawun (clownfish, mai ruwan lemo da fararen layuka) guda biyu, in ya girma sai in canza tanki?

Admin: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya kar ka fara. Wannan ɗan yatsan da kake gani yana kai wa santimita 30, kuma kifi ne na yawo, wuni yake yana kai da kawo, wajensa tsawon tanki ya fi zurfi muhimmanci, masu riƙe shi da kyau tankinsu na dosan mita 2. Ka sa shi a santimita 60 kamar ka ɗaure doki a akurki ne. Sannan ka cire lissafin duwatsu da yashi, ruwan da ke ciki bai kai lita 100 ba.

Wata 'yar uwa: Wlh "in ya girma zan canza" ɗin nan ni ma haka nace. Sati uku ba a yi ba na ga fararen ɗigo a tang ɗina kamar an barbaɗa masa gishiri a jiki, yana ta goga kansa da dutse, kafin in farga cutar ta kama sauran. Tang in ya takura shi ke fara kamuwa.

Wani memba: Kilawun ɗin dai sun yi maka, ka ɗauki ƙanana biyu lokaci ɗaya, wanda ya fi girma shi zai rikiɗe ya zama mace. In ruwa ya zauna lafiya bayan wasu makonni sai ka ƙara gobi ɗaya mai zaman yashi, ko royal gramma, rabinsa shunayya rabinsa rawaya, yara za su so shi. Uku ko huɗu ya ishe ka. Ka guji damsel, masifaffe ne, sai ya mallake tankin duka. Mandarin kuma ka bar shi tukuna, ƙananan ƙwarin cikin duwatsu yake ci, sabon tanki ba zai ciyar da shi ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yara dai sai haƙuri. Amma tankin a buɗe yake sama, ba matsala?

Admin: Akwai fa. Gobi da gramma duk suna tsalle in sun firgita, musamman da an kashe fitila. Ka sa murfin raga kafin kifin su shigo.